Ƙwaryar Tagulla da Ba Ta da Suna

Ku samarin da kuke ta ɗinka kaya za ku Abuja karɓar kambu, ku matso ku ji daga bakin wanda ya riga ku. Ni Barau, ni na fara ciyo wa garin nan lambar yabo a harkar fim, tun kuna goye. Tana ɗakina yanzu haka. Ga Tanimu Dogo nan yana gyangyaɗi a kan benci, da idonsa biyu da ya shaida.

Zamanin kaset ne. Kyamara ɗaya gare mu, ta ɗaukar biki, in batir ya mutu sai jarumi ya riƙe kukansa a fuska har a kawo wuta. In rana ta take mu dafa taliya da manja, mu ci a faranti ɗaya. A haka muka gama fim ɗinmu, ni ne kuwa ginshiƙinsa, don duk rigimar labarin a kaina ake yin ta. Rawar da na taka ba ta yara ba ce: ba magana, ba motsi, ko numfashi sai mai kyamara ya yarda.

Sai muka ji ana bikin baje kolin finafinai a Damagaram, wanda ya yi fice za a ba shi ƙwaryar tagulla. Muka cusa kaset a cikin safa, muka hau mota mu huɗu: ni da Sallau da Tanimu da Lantana.

Muna isa aka ce an daɗe da rufe karɓa. Sallau Bafulatani ne, bai san Faransanci ko na gaisuwa ba, amma ya san inda manya ke shan shayi. Ya yi ta bin rumfuna yana miƙa hannu har ya hango shugaban bikin, ya ga zanen Barebari a kumatunsa. Ya ratsa baƙi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai bawana, ubangidanka ya zo ka bar shi a rana?" Mutumin ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ce, "Ɗan Fulani, wa ka bar wa shanun?" Wasan Fulani da Barebari ba a mayar da shi hannu wofi. Aka ba mu zaure bayan la'asar. Ba don Sallau ba, da kaset bai fito daga safa ba.

Aka sa kaset a bidiyo, ta ja, ta yi gurnani, ta tauna shi. Alƙalai suka fara tattara takardunsu. Tanimu ya zauna dirshan a ƙasa, ya kwance kaset ɗin da bakin wuƙa, ya sa reza ya datse inda ya cukurkuɗe, ya haɗa bakin da jan farcen Lantana, ya naɗe da biro. Ba don Tanimu ba, da abin da muka kai Damagaram igiya ce kawai.

Hoto ya fito, amma na'urar can ba irin tamu ba ce. Launi ya gudu sai fari da baƙi, murya kuwa ko tari babu. Lantana 'yar wasan daɓe ce tun tana makaranta, ta kuma haddace fim ɗin kaf. Ta ɗauki lasifika ta laɓe bayan talabijin, ta yi muryar tsohuwa, ta yi muryar alƙalin cikin fim, har kukan jaki da ƙarar ƙyaure. Inda Tanimu ya datse, labari ya yi tsalle, ta cike gurbin da waƙar makoki da ta ƙaga nan take. Da idona na ga wata Baturiya tana share hawaye. Ba don Lantana ba, da bebaye muka nuna wa duniya.

Alƙalai suka ce sun jinjina wa masu ƙarfin halin cire launi da gangan. Muka gyaɗa kai kamar da gaske. Aka miƙo ƙwarya. Sai maƙerin da zai zana suna ya ce gurbin na mutum ɗaya ne. Muka dawo gida, kuma daga ranar ba mu sake haɗa hannu a faranti ɗaya ba. Sallau ya koma sayar da maganin dabbobi, Lantana ta yi aure a Jos. Ni kuwa, da yake ni alƙalai suka fi yabawa, sai aka ga ya dace...

Tanimu ya buɗe ido ɗaya. "Barau, wane alƙali ne ya yabe ka?"

"Ashe ba barci kake ba, Dogo."

"Gawa ka fito, malam. An lulluɓe ka da zane, ƙafarka kaɗai ake gani. Kuma daidai wurin da na datse, nan ƙafar take. An ba ka ajiyar ƙwaryar ne don kai kaɗai ne ba wanda zai yi kishinka."

To, ai na dai gaya muku ba magana ba motsi. Ku bar dariyar nan, mun cire ni, saura uku. Ƙwarya tana nan gurbinta wayam, maƙera kuma ba su ƙare a gari ba. Tsakanin wanda ya buɗe ƙofa, da wanda ya ɗinke kaset, da wadda ta ba shi baki, sunan wa za mu ce a zana?