Wankan Turmi

Da ba a hana mu rantsuwa ba, da na rantse muku ba za ku gaskata wannan ba. Amma ku kasa kunne, don ba kowa ya iya ba da shi kamar ni ba.

Akwai wani manomi mai suna Irimiya, wanda duk ƙauye ke kira Gagara-sanyi. A tsakiyar lokacin sanyi, sa'ad da kowa ke maƙale a bakin murhu, shi yakan ɗebi ruwan randa da ya kwana, ya shige bayan zana da sassafe. Sai a ji ruwa na zuba shaa, shi kuwa yana rera waƙar yabo. In ya fito, ya bugi ƙirji ya ce, "Ruwan sanyi ne lafiyata! Ku masu ruwan zafi, shi ya sa kuke tari kamar tsofaffin tumaki." Wannan suna ya fi masa gonarsa daraja.

Wata safiya akuyar maƙwabciyarsa, tsohuwa Rahila, ta tsinke igiya. Rahila ta bi ta, akuya ta afka wa zanar, zana ta zube ƙasa. Sai ga Irimiya tsaye, lulluɓe da bargo har wuya, yana sheƙa wa wani tsohon turmi ruwa, waƙa na bakinsa.

Rahila ta riƙe haɓa. "Sannu da wanka, ɗana. Ashe turmi ne Gagara-sanyi!"

Ya ce, "Iya, ai gwada ruwan nake yi tukuna."

"To, ya gwadu. Ga rabin bokiti ya rage, muna jira."

Kafin nan maƙwabta sun taru. Ba hanyar gudu. Irimiya ya yar da bargo, ya rufe ido, ya juye ruwan a kansa. Ihun da ya yi, babu shi a littafin waƙoƙi.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan nan Maganar Allah ce, bargo kuwa girman kai. Da yawanmu mukan zo sujada, mu ɗaga murya fiye da kowa, amma in wa'azi ya zubo sai mu kauce, mu ce a zuci, "Yawwa, wannan na wane ne." Wane shi ne turminka. Allah kuwa ba ya bukatar akuya kafin ya ga bayan zana. Ɗan'uwa, yar da bargonka, Maganar ta taɓa jikinka. Da sanyi kam, amma in ba haka ba, turmi zai yi fes, kai kuwa ka koma gida da dauɗarka.