Baƙon Da Ya Zo Duba Dashen Barkono

Akwai wata mata da rikici ya raba ta da ƙauyensu, ta koma zama a wani gari inda ba ta san kowa ba. Abin da ta tsira da shi kaɗan ne, a ciki har da ɗan ƙullin irin barkono na gonar mahaifiyarta. Ta shuka shi a wani tsohon kasko. Da tsiron ya cunkushe, sai ta raba shi a hankali, ta dasa kowanne a tukunyarsa da sabuwar ƙasa.

Kashegari ta tarar duk sun yi yaushi, ganye ya zube kamar tsumma. Hankalinta ya tashi, gama ba ta da sauran iri. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta gaya mata haka dashe yake yi, ta ce mata ta kai su inuwar rumfa, ta riƙa yayyafa ruwa kaɗan safe da yamma, kada ta sa taki, kada kuma ta taɓa saiwar.

Da rana ta take, gari ya yi tsit, kaji suka daina kuka. Ta ɗaga kai, sai ga wani mutum tsaye a bakin danga. Ba ta ji sallamarsa ba, ba ta kuma ji takunsa ba. Ya kira sunanta na ƙuruciya, wanda ba wanda ya sani a garin nan, ya tausaya mata da murya mai laushi.

"Baiwar Allah, waɗannan sun mutu," in ji shi. "Tumɓuke ɗaya ki gani."

Ta tumɓuke. Saiwar ta yi mata kamar busasshiya, ta yar. Washegari ya komo a daidai wannan lokaci, ta sake tumɓuke wani. Haka tukwane suka yi ta zama wayam, shi kuwa kullum yana ƙara matsowa, daga danga zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin rumfa.

Ran nan ya ce ta kwashe sauran ta mayar cikin tsohon kaskon, wai can suka saba. Ta cire ɗaya, ta kai shi kusa da idonta. Sai ta ga waɗansu fararen saiwoyi sirara kamar zare, sababbi, hannunta ne ya tsintsinka su yanzun nan. Ta sunkuyar da kai. A ƙasa ga inuwar rumfa, ga inuwar randa, amma a gindin ƙafafun baƙon babu inuwa ko kaɗan.

Ta ce, "Da sunan Yesu, ba zan ƙara taɓa su ba."

Ya yi murmushi, ya ce zai leƙo ranar da ta gaji da jira. Kafin ta ɗago ba ya nan, ƙasar da ya tsaya a kai ba sawu.

Ta bar sauran a inuwa, ta ci gaba da yayyafi. Bayan 'yan kwanaki suka miƙe, suka yi toho, daga baya suka yi 'ya'ya jajaye. Waɗanda ta tumɓuke kuwa ba su dawo ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Dashen nan mu ne. Sa'ad da Ubangiji ya ɗauke mu daga inda muka saba, ko ta ƙaura, ko ta rashi, ko ta tuba daga tsohuwar rayuwa, mukan yi yaushi, addu'a ma ta yi nauyi. Yaushin nan ba mutuwa ba ne, saiwa ce take kamawa inda ido ba ya gani. Inuwar ita ce taron masu bi, yayyafin kuma Maganar Allah, kaɗan-kaɗan kowace rana. Baƙon shi ne Shaiɗan. Ba shi da ikon tumɓuke ko tsiro ɗaya, hannunka yake aro. In ya zo da tausayi yana cewa ka koma tsohon kasko, ka janye hannunka, ka jira Ubangiji.