Gwamma da Akushi Biyu

Dalilin da ya sa fitilar layin dogo ke juyawa ja da zarar jirgi ya wuce ta, ku gyara zama ku ji, ba na maimaita magana.

A da can jiragen ƙasa ayari suke yi kamar fatake, wannan na bin gindin wancan. Akwai wata tsohuwa, Gwamma, mai gida a bakin wata ƙaramar tasha. 'Ya'yanta biyu ne kacal, Jatau da ƙanensa Nomau, duka direbobin jirgi. Tare suke tashi, tare suke isowa, su sa hannu a akushi ɗaya suna tsokanar juna.

Wata rana da hantsi Jatau ya tsayar da jirginsa a bayan wani dutse, shanu na tsallake layi. Nomau na biye, bai gan shi ba sai da ya zo gab. Jirgi kuwa ba jaki ba ne da za ka ce masa tsaya ya tsaya. Nomau ya ja birki, ƙarfe ya yi ta kuka, duk da haka ya murƙushe taragon baya na jirgin Jatau. Da ƙyar aka zaro su da rai.

Gwamma ba ta yi kuka ba. Ta yi jinyarsu, ranar da suka koma aiki ta ɗauko ƙyallaye uku ta tsaya bakin layi. Ta ce in ɗaya ya wuce za ta ɗaga ja, na baya ya tsaya cik, don ɗan'uwansa na kan hanyar. In ta ɗaga ruwan ɗorawa, ya taho a hankali, na gaba bai yi nisa ba. Sai ta ɗaga kore zai saki jiki.

Nomau ya lissafa, ya ga kafin a ba shi hanya Jatau ya ci ya tafi. Ya ce, "Inna, ashe ko tuwo ba za mu ƙara ci tare ba?"

Ta ce, "Gara in raba muku akushi da in haɗa muku kabari."

Haka aka yi. Ta sayi akushi na biyu. Jatau ya zo ya ci shi kaɗai, ya tambayi lafiyar ƙanensa. Nomau ya iso ya tarar da tabarma da sauran ɗumi, ya ci shi kaɗai. Ita ma ba ta zama da kowa, tana can bakin layi cikin rana. Duka biyun sun yi furfura, ba wanda ya sake yin ko ƙwarzane.

Da ta rasu aka kafa ƙarfe a inda take tsayuwa, aka sa masa fitilu uku. Sauran tashoshi suka kwaikwaya.

Shi ya sa har yau jirgi ba ya tafiya da abokin hanya. Ku kuna tsalle in kun ga kore. Direba ya san abin da take faɗa masa: wuce, ɗan'uwanka ya yi nisa.