Ranar da Tsuntsaye Suka Ba Teku Baya

Dalilin da ya sa 'yan tsuntsayen nan na bakin teku ba sa cin abinci sai a guje, ku matso in gaya muku, ko da yake duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A da ba haka suke ba. Kullum da hantsi Teku yakan ja ruwansa baya, ya bar musu jiƙaƙƙen yashi cike da tsutsa da ƙananan ƙaguwa, ya tsaya can yana jira har kowa ya ƙoshi. Abu ɗaya ya roƙe su: in ya ajiye abinci, a ci.

A cikinsu akwai wata tsuntsuwa mai suna Tabawa, tana da 'ya'ya uku. An yi kwana biyu ana iska, Teku bai samu ya ja baya ba, har yaran ko ɗaga kai ba sa iyawa don yunwa. Rana ta uku iska ta kwanta, Teku ya buɗe yashi. Sai ga Tanimu mai hoto ya iso da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Irin mutanen nan ne da in sun ga abu mai kyau ba ruwansu da ko ya karya kumallo.

Tanimu ya ce, "Kai, masha Allah! Ku jeru in ɗauke ku. Manya a tsakiya, yara a gaba. Ku fuskance ni, ku ba ruwa baya."

Tabawa ta dubi shugabansu, Dogara, ta ce, "Baba, a bari mu ci tukuna. Yarana kwana biyu ba su sa komai a baki ba, ga Teku kuma yana jiranmu."

Dogara ya ce, "Ke, rufe mana baki! Abincin gudu zai yi? Turo yaran gaba, su za su ƙawata hoton."

Aka turo su. Sai kuma rigima ta tashi tsakanin manya kan wanda zai tsaya a tsakiya. Wannan ya ce shi ne babba, wancan ya ce a gabansa aka ƙyanƙyashe shi. Ƙattin banza! Rana tana ɗagawa, yashi yana bushewa, tsutsa tana nutsewa ƙasa. Teku ya yi gyaran murya, ya sake yi, ba wanda ya waiwaya.

Da ƙyar aka daidaita. Tanimu ya cusa kai cikin ƙyallensa yana ihu, "Kar wanda ya motsa!"

Autan Tabawa ya sulale ƙasa. Ganin haka ta fice daga layi, ta ruga ta cafko tsutsa ɗaya. Kafin ta kai bakin ɗan, Dogara ya kai mata sara a ka, tsutsar ta faɗi.

Ya ce, "Kin ɓata mana hoto, marar kunya!"

Wannan ne Teku ya gani. Ya kumbura ya taso da ruri yana cewa, "Na ajiye muku abinci kun ba ni ƙeya, kuma wadda ta zo ci kun doke ta? Daga yau na daina jira!"

Kowa ya watse. Tabawa ta ja biyu ta tsere da su, autan kuwa ba shi da ƙarfin gudu, ruwa ya tafi da shi. Ta tsaya a bakin kumfa tana kuka, "Baba Teku, sauran biyun fa? Me za su ci?"

Teku ya ce, "Don ke zan riƙa buɗewa, amma ƙiftawar ido. Mai so ya yi gudu."

Shi kuwa Tanimu ko sannu bai ce mata ba. Mita ya riƙa yi an jiƙa masa wando. Da ya je ya wanke hoton, babu komai a ciki sai kumfa.

Shi ya sa har yau za ku ga sun bi ruwa a guje, sun tsinci abu ɗaya, sun dawo a guje, kuma duk wanda ya ɗaga musu kyamara sai dai ya ɗauki wutsiya. In kun je da wayoyinku, ku tsaya nesa, abinci suke nema. In kuma kun ga ɗaya ta ware ta tsaya cak tana kallon ruwa, ku ƙyale ta. Jikar Tabawa ce, autan take dubawa.