Jakar Surukin Muntaka

Ke Umaima, ni za ki tambaya labarin wani shugaban Meziko don aikin makarantarki? Kin taɓa ganina da littafi? Malaman naku me suke yi? To ajiye cokalin nan, ki ɗauki wayarki ki rubuta a shafin naki yadda na faɗa, kada ki gyara min magana.

Akwai wani Muntaka a garin Laurel, kusa da Washington, mai gadin ƙofar wani ƙaton sito na wayoyi. Dokar wurin ɗaya ce: duk ma'aikacin da zai fita, sai an buɗe jakarsa. Muntaka kuwa gwanin buɗe jaka ne, har ƙasa yake zazzagewa yana hura hanci.

Sai ya samo wa surukinsa Malam Zulkifilu, mahaifin matarsa Sadiyya, aikin naɗe kwali a sito ɗin. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi, ta ina zai sa hannu a jakarsa? In tsohon ya iso ƙofa, sai Muntaka ya rusuna ya ce, "A sauka lafiya, Baba," ya kau da kai.

Wata 'yar Meziko mai suna Selina tana bayan tsohon a layi kullum. Ran nan ta riƙe jakarta gam.

"Me ya sa ba ka duba tasa?"

"Uban matata ne. Mu ba ma yin haka."

Ta ce, "A ƙasarmu an yi wani shugaba tun zamanin kakannin kakanni. Maraya ne, makiyayin tumaki, ko yaren masu mulki bai iya ba sai da ya tasa. Ya yi karatu, ya zama lauya, ya zama alƙali. A lokacin, soja da limamin coci kotunsu daban, talaka tasa daban. Shi ya kawo dokar da ta rage musu wannan gata. Aka yi yaƙe-yaƙe, aka yi ta korarsa gari-gari, yana mulki daga cikin keken doki, bai janye ba. Gunkinsa na nan tsaye a Washington."

"To je ki gunkin ya duba miki," in ji Muntaka. "Buɗe."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. A gida ya ce wa Sadiyya, "Ko in fara duba jakar Baba?"

"A gaban mutane? Ranar da ka yi haka, ka nemi mai dafa maka abinci."

Ya bar zancen.

Ana nan wayoyi suka fara ɓacewa. Manajan wurin, Desmond, ya kira Muntaka ya nuna masa hoton kyamarar ƙofa.

"Kowa an duba shi, ban da mutum ɗaya."

"Wallahi ko allura ba zai ɗauka ba."

"Ban tambaye ka halinsa ba. Da me zan wanke shi?"

Selina da ake zazzage wa jaka kullum ta fita fes. Aka sallami Muntaka, aka sallami tsohon. Kafin Juma'a zance ya kai masallaci. Dattijon da ake turawa gaba ya ja salla, yanzu gaisuwa ma a tsaitsaye ake yi masa.

Ranar da aka sallame su, suna dawowa gida a mota, tsohon ya zuge jakar da kansa. Darduma ce, da kwanon tuwo, da maganin hawan jini.

"Da ka buɗe, Muntaka," ya ce a hankali. "Waccan kunyar a bakin ƙofa za ta ƙare. Wannan kuwa da ita zan koma Kano."

Muntaka ya riƙe sitiyari, ya ci gaba da tuƙi.

Darasi: In ka ɗauke wa naka doka, ka ɗauke masa abin da zai wanke shi ranar zargi. Girmama babba wajibi ne, amma kada kunya ta jawo masa abin kunya. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da wata ƙofa.

Ya isa haka. Kashe wayar, Umaima. Ke kuma Ilham, ɗauke kwanukan nan, kowa ya wuce ya kwanta, kada in ƙara jin motsin kowa.