Kofin Tanko, Sojan Bama

Ku matso, yau ba labarin dariya na kawo muku ba.

Kande tana cikin uwarta aka ɗebi ubanta Tanko zuwa yaƙin Bama, bai dawo ba. Wani da ya dawo ya ce ai gudu ya yi ya bar 'yan uwansa. Shekara saba'in ana kiranta 'yar maguji, a rijiya, a gidan biki, har a bakin yaran da aka haifa a gabanta. Mutanenmu dai ba su manta abin kunyar wani. Da ciwo ya kwantar da ita, ta tara jikokinta uku, Barira da Haladu da Sagir, ta roƙe su su gano mata gaskiya kafin ta mutu.

Barira ta bi tsofaffin garin ɗaki ɗaki, tana musu wanki da tsefe, har wata ta saki baki. Ashe sunan Jatau, yayan Tanko, shi ne mai gari ya rubuta, Tanko ya tafi a madadinsa da sunan Jatau, don Jatau na da 'ya'ya huɗu. Shi ya sa ba a taɓa samun Tanko a takarda ba.

Haladu ya ɗauki sunan ya tafi Kaduna, ya yi wata uku yana juya tsofaffin takardun soja da gara ta ci, har ya samo lambarsa.

Sagir ya bi lambar nan gari gari, sai a Zungeru ya tarar da wani tsohon soja makaho. Da jin lambar tsohon ya fashe da kuka. Ya ce mutum tara Tanko ya goyo ya ƙetare kogi da su ana ruwan harsashi, shi tsohon ne na tara. Da ya koma ɗauko na goma, ruwa ya tafi da shi. Ya miƙa wa Sagir kofin ƙarfen Tanko da ya daɗe yana ɓoyo.

Sagir ya iso gida ana dawowa daga maƙabarta, an binne Kande. Barira ta ce maganar Kande ta ƙarshe ita ce, "Barira, da gaske Baba ya gudu?"

Dattawa suka ce ranar Juma'a ɗaya daga cikin jikokin ya riƙe kofin a ƙofar gidan mai gari, ya wanke sunan Tanko a gaban jama'a. To, tunda mai son ji ta tafi ba ta ji ba, wa ya fi cancanta a cikin ukun nan ya faɗa?