Baba Gide da Katafilar Alhaji Harisu

Akwai wani ɗan kwangila a Ƙanƙara, Alhaji Harisu, zamanin da kuɗin mai suka haukata mutane. Ya sayi fili a hanyar Pauwa zai gina gidan mai. A ƙarshen filin akwai kaburbura uku, a wajen shingen maƙabarta.

Na tsoffin sojan yaƙin Bama ne: Inusa Musulmi, Mati Bamaguje, Ɗanhausa Kirista. Tare suka sha wuya a daji, suka bar wasiyya a binne su waje guda. Ba maƙabartar da za ta karɓi duka ukun, shi ya sa aka sa su nan. Abokinsu Baba Gide kaɗai ya rage, shi ke share wurin.

Ranar da katafila ta iso don baje kaburburan ina wurin. Ni fa ba a yin abu a ƙasar Katsina babu ni.

Baba Gide ya dogara sandarsa ya zauna a gaban katafilar.

Alhaji ya ce, "Baba, tashi. Da mutanen kirki ne, mi ya hana a sa su ciki?"

"Kai da ko ƙarar bindigar toka ba ka sani ba? Ba inda za ni."

Alhaji ya ƙyafta wa ƙartinsa ido. Suka fizge sandar, suka karya ta a gadon bayan tsohon. Ɗaya ya sa masa takalmi a baki, haƙora biyun da suka rage masa suka zube. Jini ya wanke gemu. Na so in kashe mutum biyar a wurin, mazagin wandona ne ya tsinke.

Tsoho ya rarrafa ya miƙe. Ya ƙame, ya sara wa kaburburan, ya shiga kiran sunan kowa da lambarsa ta soja kamar a fareti. Su doke shi ya faɗi, ya tashi ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ashe direban katafilar, Ɗanliti, shi ma tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa.

Alhaji ya daka masa tsawa, "Kai, taka mana!"

"To Alhaji, yanzu kuwa."

Ya juya kan katafila, ya hau sabuwar Marsandin Alhaji. Gilasai suka tarwatse, mota ta koma gwangwanin madara. Ƙarti suka yi kansa, ya diro da ƙarfen taya, ya fasa kan ɗaya, ya ɓalla hannun ɗaya. Mutanen Pauwa suka shigo da fartanyu. Alhaji ya zura a guje ba hula. Ni na kora shi har Faskari, ku tambayi kowa.

Ɗanliti ya yi wata shida a gidan yari. Baba Gide bai sake tauna goro ba. Amma har ya bar duniya, katafila ba ta sake doso kaburburan nan ba.

Darasi: Wanda ya tari harsashi don ka kwana lafiya, kar ka taka kabarinsa don ka sami kuɗi. Ku je ku share kabarin tsoffin sojan garinku, ku yi musu addu'a. Ku tura wa 'yan uwa, ku ce ni na faɗa.